Yamai, Accra da Abuja sun yanke hukunci kan harshen makaranta: me zai sauya a cikin aji?

Cikin watanni takwas na shekarar 2025, ƙasashe uku da Hausawa ke zaune a cikinsu sun ɗauki matakai kan harshe, kuma kowace ta kama gabanta. Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Ghana ta wajabta koyarwa da harshen gida a ƙananan azuzuwa, Najeriya kuwa ta soke irin wannan tsari ta koma Ingilishi zalla. Sai dai makomar yaron da aka kai lakwal bana ta fi rataya a kan abin da ke gudana kullum tsakaninsa da malaminsa, daga ajin CI har zuwa CM2.

A ranar 26 ga watan Maris na 2025 ne Janar Abdourahamane Tiani ya ƙaddamar da sabon kundin sake gina ƙasa, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin da sojoji suka jingine bayan juyin mulkin watan Yulin 2023. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, sannan ya lissafa Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Buzanci da sauransu a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. A cikin watan ne kuma ƙasar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wato OIF, tare da Mali da Burkina Faso.

A ƙarshen watan Oktoba, ministan ilimin Ghana Haruna Iddrisu ya umarci hukumar makarantun ƙasar da ta tilasta koyarwa da harshen gida. Da muhawara ta yi zafi, ma'aikatar ta fito ta yi bayanin cewa umarnin ya shafi azuzuwan rainon yara ne zuwa aji uku na firamare. Ba a yi makonni uku ba, takwaransa na Najeriya Tunji Alausa ya tsaya a wani taro a Abuja ya sanar da soke manufar harshe ta 2022, wadda ta tanadi koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A cewarsa, yankunan da suka rungumi tsarin su ne suka fi faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Ga iyayen da ke Maraɗi ko Damagaram, ko zangon Kumasi, ko unguwar Briqueterie a Yawunde, tambayar guda ce: yaron da ya shekara shida yana sammako da jakarsa, zai fito yana iya karanta wasiƙa ya fahimci abin da ke ciki?

Shekarun farko: karatu ko maimaici

Yaron da ya shiga CI yana da shekara shida ko bakwai, kuma ba da kai wofi ya zo ba. Ya san dubban kalmomin Hausa, yana iya gatana, yana iya kai saƙo kasuwa ya dawo da canji. Idan yana zuwa makarantar allo, wataƙila ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru, ma'ana ya riga ya gane cewa alamar da ke kan allo tana tsaye ne a madadin wani sauti, kuma baƙi da wasali su ke haɗuwa su ba da gaɓa. Wannan fahimtar ita ce ginshiƙin koyon karatu a kowane harshe.

A yawancin makarantun gwamnati na ƙasashen da Faransa ta raina, ranar farko ta kan ajiye duk wannan gefe. Mushe ya furta jimla da Faransanci, aji ya amsa da murya ɗaya. Ya sake, su sake. Ya rubuta harafi a babban allo, yara su kwafa da alli a kan ƙananan allunansu, ya buga sanda a tebur su ɗaga sama ya duba. Wanda ya tsaya a bakin taga zai ji hayaniyar karatu har ransa ya yi fari. To amma a wannan lokacin yaron yana ɗauke da kaya biyu: yana koyon yadda ake haɗa haruffa, yana kuma koyon harshen da bai taɓa jin an yi a gidansu ba.

Rubutun Faransanci kansa yana ƙara masa nauyi. Sautin da Bahaushe ke rubutawa da harafin o guda, Bafaranshe na iya rubuta shi o, ko au, ko eau, ban da haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa amma ba a furtawa. A Hausar boko kuwa, wasula biyar ne, kuma galibi abin da aka rubuta shi ake faɗa. Yaron da ya koyi ba, bi, bu a makon farko zai iya karanta baba da babu, ya kuma yi dariya domin ya gane su. Wanda ya haɗa gaɓoɓin kalmar Faransanci daidai ba tare da ya san ma'anarta ba, ba shi da hanyar sanin ko ya yi daidai sai malami ya gaya masa, kuma malamin da ke gaban yara sittin ko tamanin ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba.

Nan ne ake samun ɗalibin da ke rera shafi guda da ka ba tare da kuskure ba, amma idan aka buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba sai ya yi tsit. Iyaye ba sa saurin ganewa, saboda kayensa cike yake da rubutu mai kyau da ya kwafa daga allo.

CE1 da CE2: inda ɓarakar ke bayyana

A shekara ta uku da ta huɗu, manhaja tana ɗauka cewa an gama koyon karatu, yanzu kuma za a yi amfani da shi a koyi wasu abubuwa: nahawu, jujjuya aikatau, dikte, tarihi, labarin ƙasa, kimiyyar muhalli. Wanda bai iya karatu ba a ƙarshen CP ba shi da wani aji a gaba da aka ware domin a koya masa. Haka zai yi ta bin sahu, yana hawa aji ko yana maimaitawa, har ya gaji ko iyayensa su gaji.

Darasin lissafi ya fi kowane nuna yadda harshe ke ɓoye basirar yaro. Yarinyar da ke tallar ƙosai a tashar Tasawa ko Birnin Ƙonni tana lissafi da dala, kuma kowace dala tamma biyar ce ta sefa. Idan aka sayi na dala talatin aka ba ta ɗari biyar, wato dala ɗari, ta san za ta mayar da dala saba'in, kuma ba ta buƙatar alli. Ta san jikka ɗaya dala ɗari biyu ce. Kullum tana ninkawa da rabawa da biyar a cikin kanta. Amma idan aka rubuta mata wannan ciniki a jimloli uku na Faransanci aka ce ta warware, sai ta sami sifiri, a rubuta a takardar sakamakonta cewa ba ta iya lissafi. Ko sunayen lambobin ma tarko ne: saba'in a Faransanci sittin da goma ne, tamanin kuma ashirin sau huɗu.

Malamai da dama sun san haka, shi ya sa suke saɓa ƙa'ida a ɓoye. Su karanta tambayar da Faransanci, su fassara da Hausa ko Zabarmanci, su koma Faransanci domin rubuta amsa. A aikace ke nan ajin ya daɗe da zama mai harshe biyu, sai dai babu littafi, babu horo, babu tsari, kuma idan sufeto ya zo sai kowa ya shiga taitayinsa. Manya da yawa har yau suna tuna sambol, wato ƙashi ko wani abin ƙyama da ake rataya wa ɗalibin da aka kama yana magana da harshen gidansu a harabar makaranta. An daina rataya shi a yawancin wurare, amma tunanin da ya haife shi bai gama fita daga aji ba.

CM1 da CM2: abin da alƙaluma suka nuna

A shekaru biyu na ƙarshe hankalin kowa yana kan jarrabawa. A Nijar an maido da jarrabawar kammala firamare ta CFEPD a 2024 bayan shekaru da dakatar da ita, a Kamaru kuma akwai CEP a ɓangaren Faransanci da takwararta a ɓangaren Ingilishi. Malamin CM2 yakan ƙara sa'o'i da yamma da ranakun hutu, yana ta dikte da tsofaffin tambayoyi. Ƙoƙari ne na gaske, amma gyaran ginin da aka karkace tun daga tushe yake yi.

Binciken PASEC, wanda taron ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa, ya auna ɗalibai a ƙasashe 14 a shekarar 2019. A Nijar, kimanin uku cikin goma ne na ɗaliban ajin ƙarshe suka kai matakin da ake ɗauka isasshe a karatu. A Cadi adadin ya ɗan haura biyu cikin goma, a Kamaru kuma ya ɗan wuce rabi. Nijar ta ci gaba ƙwarai idan aka kwatanta da 2014, lokacin da ko ɗaya cikin goma ba ta kai ba. Duk da haka, bakwai cikin goma na waɗanda suka jure har CM2 ba su kai ga fahimtar rubutu yadda ya kamata ba, kuma wannan lissafi bai haɗa da waɗanda suka bar makaranta a hanya ko waɗanda ba a taɓa sa su ba.

Akwai darasi mai fuska biyu a sakamakon ƙasar Burundi. A can da harshen Kirundi ake koyar da yara a shekarun farko, kuma ɗalibanta na aji biyu suna sahun gaba a karatu da lissafi, duk da cewa tana cikin ƙasashe mafi talauci da aka auna. Amma a ƙarshen firamare, bayan an juya zuwa Faransanci a aji biyar, ƙasa da uku cikin goma ne suka kai matakin da ake so a karatu. Masu goyon bayan harshen gida sukan kawo rabin farko na labarin, masu adawa su kawo rabi na biyu. Idan aka haɗa su, abin da ya fito shi ne harshen gida yana buɗe ƙofar karatu da wuri, amma idan ba a koyar da harshe na biyu da kyau tun daga farko ba, aka kuma yi juyin a gaggauce, ribar tana zubewa a tsakiyar hanya.

Gwajin da ya shekara hamsin

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa harsuna biyar: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Barbarci. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Cibiyar INDRAP da ke Yamai ta wallafa littattafan karatu da na lissafi da waɗannan harsuna, kuma binciken da aka yi a lokuta dabam-dabam ya nuna ɗaliban makarantun gwaji sun fi takwarorinsu sakin jiki a aji, ba su kuma gaza su a Faransanci ba.

Tambayar ita ce me ya sa abin da aka gwada ya yi kyau ya shekara hamsin ana kiransa gwaji. Dalili na farko kuɗi ne: yawancin faɗaɗawar da aka yi ta dogara da tallafin ƙasashen waje, idan aikin mai ba da tallafi ya ƙare sai littattafai su yanke. Na biyu tura malamai: ana iya horar da malami kan koyarwa da Hausa a kai shi ƙauyen Zabarmawa, ko a kawo wanda bai taɓa rubuta jimlar Hausa ba a damƙa masa ajin Hausa. Jin harshe dabam, iya rubuta shi bisa ƙa'ida da koyar da shi dabam. Na uku iyaye ne da kansu. Manomin da ya ga manyan ma'aikata suna kai 'ya'yansu makarantun kuɗi na Faransanci zalla yana da hujjar zargin cewa an ware wa ɗansa ilimin talakawa. Muddin jarrabawa da takardar neman aiki da Faransanci ake yin su, wannan zargi ba zai gushe da jawabi ba.

Sai kuma batun ingancin malamai. A 2017 gwamnatin Nijar ta yi wa dubban malaman kwantaragi gwaji, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka sami matsakaicin maki, aka kuma sallami da dama. Wannan ya nuna cewa a azuzuwa masu yawa, Faransancin da ake cewa ana koyarwa da shi bai zauna a bakin malamin ba. Irin wannan malami zai fi amfanar yara idan aka ba shi littafin jagora mai darasi bayan darasi da harshen da shi da su suka iya, aka kuma ci gaba da gyara masa Faransancinsa.

Sabon kundin bai fayyace harshen da malamin CI zai buɗe baki da shi ba. Wannan aikin ma'aikatar ilimi ne da kasafin kuɗi. Akwai kuma abin lura: wasu daga cikin masu magana da sauran harsunan ƙasar sun nuna damuwa kan fifita Hausa. Idan aka ɗauki matsayin harshen ƙasa aka mai da shi hujjar koyar da ɗan Tera ko ɗan Ngigmi da Hausa tun daga CI, an maimaita masa matsalar da ake kuka da ita, an dai sauya sunan harshen. Hujjar da ta sa Hausa ta dace da yaron Madawa ita ce ta sa Zabarmanci ya dace da yaron Dosso.

Ranakun da ke zubewa

Ko da wane harshe za a koyar, sai an zauna a aji. Dubban azuzuwa a Nijar na zana ne da karan hatsi, kuma ba a samun kara sai an yi girbi. A ƙauyuka da yawa, komawa makaranta ta watan Oktoba a takarda take. Karatu na gaske sai Nuwamba ko ma bayanta, sannan ruwan farko na damina ya tashi ajin kafin a kai ƙarshen Yuni. A 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawar daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, saboda makarantu da dama sun rushe ko sun zama mafakar waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. A jihar Tilaberi ɗaruruwan makarantu sun rufe saboda matsalar tsaro.

Azuzuwan zana sun ci rayuka ma. A watan Afrilun 2021 gobara ta hallaka yara kimanin 20 a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai, a watan Nuwamban shekarar kuma wata ta kashe aƙalla 25 a Maraɗi, yawancinsu 'yan shekara biyar zuwa shida. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙananan azuzuwa aka fi turawa rumfa, a bar wa manya ginin siminti saboda suna da jarrabawa. Haka nan sabon malami ko wanda bai da ƙwarewa shi ake bai wa CI, gogaggen a ajiye shi a CM2. Ajin da ake aza tubalin karatu shi ya fi cunkoso, shi ya fi makara wajen farawa, shi ne kuma ke samun ragowar kayan aiki. Daraktan makaranta da kwamitin iyaye suna iya juya wannan tsari ba tare da jiran doka daga Yamai ba.

Bayan an tsallaka iyaka

Ga Hausawan da ke zaune a matsayin tsiraru, kalmar harshen uwa tana iya zama abin da ba su zata ba. A Ghana, harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu sun haɗa da Twi, Fante, Ga, Ewe, Dagbani, Gonja da wasu, kuma Hausa ba ta cikinsu, duk da cewa gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita, ita ce kuma harshen hulɗa a zangonni. Yaron Nima ko Sabon Zango a Accra zai iya samun kansa a ajin Ga, na Aboabo a Kumasi kuma a ajin Twi. Wasu yaran zango suna jin waɗannan harsuna tun a wajen wasa, don haka sauyin zai sauƙaƙa masu a kan Ingilishi zalla. Wasu kuwa zai zame masu harshe na uku da za su yi fama da shi kafin su iya karatu. Ghana ta taɓa komawa Ingilishi zalla a 2002 ta sake dawowa bayan wasu shekaru, kuma ɗaya daga cikin hujjojin da aka kawo a lokacin shi ne azuzuwan birane masu harsuna barkatai. Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar makarantun ƙasar, waɗanda da yawansu a zango suke, su ne wurin da ya fi dacewa a nemi izinin gwada Hausa a azuzuwan farko.

A Kamaru yaro yana shiga SIL da Faransanci ko aji ɗaya da Ingilishi, gwargwadon ɓangaren da iyayensa suka zaɓa. Dokar ilimi ta 1998 ta yi alkawarin bunƙasa harsunan ƙasa, an kuma sa darasin harsuna da al'adun ƙasa a manhaja, amma a ƙasar da ke da harsuna sama da 200, zaɓen wanda za a koyar a kowace makaranta ba ƙaramin aiki ba ne. A Garwa da Marwa da Ngaundere Fulatanci ne harshen kasuwa, kuma shi ne zai fi saurin samun gurbi. A Cadi, Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, yaron Bahaushe a Njamena yana tashi da Hausa a gida da Larabcin Cadi a titi, sannan ya tarar da Faransanci ko Larabcin littafi a aji, sau da yawa a hannun malamin da ƙungiyar iyaye ke biya daga aljihunta.

A waɗannan ƙasashe da wuya gwamnati ta buɗe ajin Hausa nan kusa. Amma Hausawa suna da abin da yawancin tsiraru ba su da shi: harshe mai daidaitacciyar ƙa'idar rubutu da tarin littattafai a tsallaken iyaka. Akwai littattafan koyon karatu irin su Ka Koyi Karatu da aka daɗe ana bugawa a Zariya, akwai jerin Mu Karanta da aka shirya wa aji ɗaya zuwa uku a jihohin Bauchi da Sakkwato, akwai na INDRAP a Yamai, ga Magana Jari Ce ga wanda ya ƙware. Bambancin rubutu tsakanin Nijar da Najeriya kaɗan ne, kamar ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke sa 'y. Motocin da ke kai goro da albasa tsakanin waɗannan garuruwa za su iya ɗaukar kwalin littattafai.

Hujjar Abuja a ma'auni

Matakin Najeriya zai yi tasiri har wajen iyakokinta, domin duk mai adawa da koyarwa da harshen gida zai ce ga babbar ƙasar Hausawa ma ta janye. Don haka ya kamata a auna hujjar. An amince da manufar ce a ƙarshen 2022. Yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin bai ma gama firamare ba, balle ya zauna WAEC ko JAMB. Waɗanda suka faɗi jarrabawar sun yi firamare ne a ƙarƙashin tsohon tsari, a makarantun da galibi babu littafin Hausa babu na Ingilishi. Jihohin da sakamakonsu ya fi muni kuma su ne suka fi fama da talauci, cunkoso, ƙarancin ƙwararrun malamai da rashin tsaro. Ɗora laifin a kan harshe kaɗai yana buƙatar hujjar da ta fi wannan ƙarfi, musamman a ƙasar da aka yi shahararren gwajin Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, ana ba su Ingilishi a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin.

Sai dai akwai gaskiya a cikin damuwar ministan. Sanar da manufa ba tare da littattafai da horar da malamai ba yana iya barin yaro ba tsuntsu ba tarko: bai iya rubuta harshensa ba, bai kuma sami harshen jarrabawa ba. Wannan gargaɗi ne ga Yamai da Accra. Kuma ya zo a lokacin da tallafin waje ke janyewa, bayan rufe hukumar USAID ta Amurka a 2025, wadda ta ɗauki nauyin shirye-shiryen koyon karatu da dama a yankin.

Abin da za a sa wa ido

Alamun da za su nuna ko sauyin Nijar zai isa aji a bayyane suke: ko kasafin kuɗi ya ware kuɗin buga littafi ga kowane ɗalibin CI da CP, ko makarantun horon malamai sun fara yaye masu iya rubuta harsunan ƙasa, ko ana tura malami inda ake jin harshensa, ko kuma CFEPD za ta ƙunshi takarda da harshen gida. Na ƙarshen ya fi sauran nauyi, domin abin da ake tambaya a jarrabawa shi malami ke koyarwa, shi kuma iyaye ke girmamawa.

Kafin nan, akwai abin da aka riga aka gwada a ƙasa. Tun 2004 wani shiri da hukumar JICA ta Japan ke tallafawa ya ƙarfafa kwamitocin gudanar da makarantu a Nijar, inda daga baya al'umma suka riƙa shirya wa yara ƙarin sa'o'in atisayen lissafi da karatu bayan an tashi. Dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, wadda aka yi amfani da ita da Hausa a arewacin Najeriya, ita ma mai sauƙi ce: a gwada kowane yaro, a raba su bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, masu haruffa gefe guda, masu kalmomi gefe guda, masu labari gefe guda, a yi awa ɗaya kullum. Ƙungiyar matasan zango ko makarantar Islamiyya ta yamma za ta iya yin haka da allo da alli da ɗalibin kwaleji guda mai haƙuri.

Uba ko uwa ma suna da gwajin da ba ya cin ko dala. A ƙarshen shekara ta biyu, a miƙa wa yaro gajeren rubutun da bai taɓa gani ba, ya karanta, sannan ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa. Idan ya iya, yana kan hanya. Idan ya kasa, lokacin zuwa wajen malami da kwamitin iyaye ya yi, tun yana CP, ba sai sakamakon CM2 ya fito ba.